Tes ɗina duk sun yi kore amma oga ya ce ban gwada komai ba

"Assalamu alaikum Malam. A wajen aikinmu akwai wani ɗan direba da aka rubuta tuntuni da Python, ta cikinsa muke magana da MongoDB, rumbun ajiye bayananmu. A ciki akwai wani kilas da ya gaji dict, aikinsa ya riƙe makullai a jere yadda aka zuba su, kamar kilas ɗin SON na PyMongo, direban MongoDB na Python. An ba ni aikin rubuta masa yunit tes, na rubuta, duk sun yi kore, wato sun wuce, amma ogana da ya duba sai ya ce ban gwada komai ba. Abin da ya ɗaure min kai, tunda dict na Python na yanzu ma yana riƙe jeri, me kuma za a gwada? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambaya biyu ce a dunƙule: me ya sa jerin makullai yake da muhimmanci har aka ware masa kilas guda, sannan ya ake rubuta tes ɗin da zai iya kama shi in ya karkace. Kuma tun daga farko zan gaya maka, ko ban ga kod ɗinka ba ina kyautata zaton ogan naka yana da gaskiya, domin wannan yana cikin wuraren da tes yake wucewa da kansa ko da abin da ake gwadawa a lalace yake. Kar ranka ya ɓaci, kusan kowa haka yake fara rubuta shi.

Me ya sa jerin yake da muhimmanci

MongoDB ba dikshonari take karɓa ba, bayit take karɓa, a tsarin BSON. Shi kuwa BSON a jere yake: bayit huɗu na farko tsawon takardar (wato ƙunshin bayanin da ake turawa ko adanawa) gaba ɗaya, sai filaye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayit guda mai faɗin nau'insa, sai sunansa, sai ƙimarsa, a ƙarshe a rufe da sifili. To ka ga ko ka so ko ka ƙi dole wani fili ya riga wani, kuma sabar tana kallon wannan jerin a wurare da dama. In ka tura umarni, sunan fili na farko shi ne sunan umarnin, saboda haka in kana nufin count amma query ya riga shi fita, sabar za ta ce maka ba ta san wannan umarni ba. In kana jera sakamako da jiha sannan suna, aka juya su, za ka samu amsa amma ba wadda ka nema ba. Indeks mai fili biyu ma haka, na jiha da suna daban yake da na suna da jiha, domin ta filin farko ake fara shiga cikinsa.

Wanda ya fi cin mutane shi ne takarda cikin takarda. A ce an adana adireshi a haka, jiha Kano, ƙaramar hukuma Fagge, sai ka zo nema ka ba da adireshin gaba ɗaya amma ƙaramar hukuma ta riga jiha. MongoDB za ta dawo maka da babu, kuma ba za ta yi ƙorafin komai ba, domin in ana kwatanta takardar ciki dungurungum to har jerin filayen sai ya zo daidai. Na taɓa duba wani aiki da aka kawo min inda masu amfani suke cewa bayanansu sun ɓace, alhali suna nan lafiya lau a rumbun, kawai wani fanshin ne a tsakiya yake sake gina adireshin da wani jeri daban kafin a tura. Ba ja a allo, ba saƙon kuskure, sai dai mutum ya nemi sunansa ya rasa.

Dalilin ke nan da ya sa kusan kowane direba yake da irin wannan kilas. PyMongo yana da SON, direban Go yana da bson.D mai jeri da bson.M marar jeri, na Java kuma Document ɗinsa a kan LinkedHashMap aka ɗora shi. A lokacin da aka fara rubuta SON dict na Python bai yi alkawarin jeri ba sam. OrderedDict ya shigo a Python 3.1 da 2.7, dict na kullum kuwa sai a CPython 3.6 (CPython shi ne Python ɗin da aka fi amfani da shi) a 2016 ya fara riƙe jeri, shi ma a matsayin yadda aka gina shi kawai, sai a 3.7 a 2018 aka mai da shi ƙa'idar yaren.

Inda matsalar tes ɗinka take

Nan ne abin da ya ɗaure maka kai ya zama dalilin maganar oga. Tunda uban da kilas ɗinku ya gada yanzu yana riƙe jeri da kansa, in ka zuba a, b, c ka duba ka ga a, b, c, ba ka san wa ya yi aikin ba, kilas ɗinku ne ko dict ɗin da ke ƙarƙashinsa. Gwada wannan yau ɗin nan kafin ka ƙara ko layi ɗaya: ka share duk abin da ke cikin kilas ɗin ka bar pass kawai, ka sake gudanar da tes. In duk sun sake yin kore, abin da oga yake nufi ke nan. Sannan ka mayar da kod ɗin, ka je __iter__ ka sa shi ya dawo da makullan a jeren haruffa da sorted, ka sake gwadawa. In makullan tes ɗinka a, b, c ne ko 1, 2, 3, wannan ɓarnar ma za ta wuce ba wanda ya tare ta. Ni duk tes ɗin da na rubuta sai na lalata kod ɗin da gangan na ga ya yi ja da idona kafin na yarda da shi.

Gyaran farko mai sauƙi ne, ka daina amfani da makullan da suke a jere tun asali. Ɗauki makullai huɗu ka ba itertools.permutations, zai ba ka jeri 24, ka zuba kowanne ka tabbata yadda ya shiga haka ya fito. Biyar za su ba ka 120, kuma duk cikin ƙiftawar ido suke gamawa.

Gyara na biyu shi ne yadda kake kwatantawa. Da yawa suna rubuta assertEqual tsakanin abin nasu da dict na kullum, to wannan ba ya kallon jeri ko kaɗan, dict biyu masu kaya iri ɗaya daidai suke ko ya aka jera su. Ka mai da shi lis tukuna. Ni nakan rubuta ɗan fanshin guda in riƙa kiransa bayan kowane motsi:

```
def duba(d, ana_jira):
    makullai = [k for k, _ in ana_jira]
    assert list(d) == makullai
    assert list(d.keys()) == makullai
    assert list(d.values()) == [v for _, v in ana_jira]
    assert list(d.items()) == ana_jira
    assert len(d) == len(ana_jira)
```

Za ka ce ai maimaici ne, duk abu ɗaya suke dubawa. A'a. Irin wannan kilas yawanci waje biyu yake ajiya, ƙimomin suna cikin dict ɗin da ya gada, jerin makullan kuma a wani lis na gefe. Kamar mai shago ne da kaya a kanta da kuma littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ranar da yaron shago ya sayar da abu bai rubuta ba, littafi zai ce akwai, kanta ta ce babu. Kusan duk kurakuran da za ka samu daga nan suke, wata ƙofa da ake shiga dict ɗin ba tare da an taɓa lis ɗin ba. Layukan nan biyar kowanne ta hanyarsa yake bi, wani ya karanta lis wani ya karanta dict, shi ya sa nake son dukkansu.

Ƙofofin da ake mantawa da su

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne dict na CPython da C aka rubuta shi, kuma update da setdefault da pop da clear nasa ba sa bi ta __setitem__ ko __delitem__ ɗin da kuka sake rubutawa, kai tsaye suke shiga ciki. Saboda haka duk wanda marubucin kilas ɗin ya manta bai rufe ba, ɓaraka ce. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kira, ka duba. Kuma tunda ka ce tuntuni aka rubuta direban, ka gwada alamar |= da ta shigo a Python 3.9, domin wanda ya rubuta kilas kafin 2020 bai san da ita ba, ita ma kai tsaye take zubawa. Ita kuma | da copy na gado, dict na kullum suke dawowa da shi ba irin kilas ɗinku ba, to ka duba nau'in abin da ya dawo, ba kayan cikinsa kaɗai ba.

Kafin ka rubuta waɗannan sai kun zauna da oga kun amsa wasu tambayoyi, domin tes ba ya yiwuwa in ba a san me ake jira ba. In aka sake ba makullin da yake ciki sabuwar ƙima, zai zauna a wajensa ko zai koma ƙarshe? A dict da OrderedDict zama yake. In aka goge shi aka sake sa shi fa? Ƙarshe yake komawa, kuma nan ne za ka kama wanda ya goge a dict ya bar shi a lis, sai makullin ya fito sau biyu. popitem na farko zai cire ko na ƙarshe? dict na ƙarshe yake cirewa, amma kilas irin naku da aka rubuta da hannu sau da yawa na farko yake kamawa, to ku zaɓa ku rubuta. Goge makullin da babu shi dole ya jefa KeyError, na sha ganin inda ValueError yake fitowa saboda lis ɗin aka fara taɓawa da remove, shi kuwa kod ɗin da ke sama KeyError yake jira ya tare. Bayan kuskuren ya fito ma ka sake kiran duba, ka tabbata bai bar abin rabi da rabi ba.

Maganar daidaito

Nan zan ɗan daɗe domin nan ne ainihin abin da ya rage wa irin wannan kilas wanda dict ba ya yi. A SON, haka ma a OrderedDict, in ka kwatanta biyu 'yan gida ɗaya ana kallon jeri, in kuma ka kwatanta da dict na kullum ba a kallo. Ma'ana in x da y 'yan kilas ɗin ne, d kuma dict na kullum, za ka iya samun x daidai da d, d daidai da y, amma x bai yi daidai da y ba. Da gangan aka yi haka, kuma ya kamata tes ɗinka ya rubuta shi ƙarara, don kar wani ya zo gobe ya ga kamar kuskure ne ya gyara. Ka gwada ta ɓangare biyu, x == d da d == x, ka gwada da abin da ba dikshonari ba ne sam kamar lamba ko None, kar ya fashe, ka gwada mai ɗauke da irinsa a cikinsa inda na waje ya yi daidai amma na ciki ne aka juya.

Sai kuma wani tarko da mutane kaɗan ne suka san shi. An saba cewa a Python 3 in ka rubuta __eq__ to != zai bi shi da kansa. Gaskiya ne ga kilas na kullum, amma ga wanda ya gaji dict ba haka ba ne, domin dict yana da __ne__ nasa, shi za a gada. Sai ka samu abubuwa biyu da == ya ce ba daidai suke ba, != shi ma ya ce ba su bambanta ba. Kuma a unittest, assertEqual da == yake aiki, assertNotEqual kuma da !=, to in ɗaya kawai kake amfani da shi ba za ka taɓa ganin saɓanin ba. Duk biyun da ka kwatanta, ka tambaye su da alamomin biyu.

Kwafi da pickle

Wannan ɓangaren ana raina shi, kuma shi ne yake fashewa ranar da aka fara tura aiki tsakanin furoses da furoses ko aka sa abu a kash. Lokacin da pickle, mai mai da abu bayit ya kuma dawo da shi, yake sake gina abin ba ya kiran __init__, ƙirƙirarsa yake yi ya fara zuba makullai ta __setitem__, to in a __init__ kuke ƙirƙirar lis ɗin gefe, makullin farko zai tarar babu lis, sai AttributeError. Shi ya sa SON yake ƙirƙirar nasa tun a __new__. Ka zagaya duk furotokol daga 0 har pickle.HIGHEST_PROTOCOL, domin tsofaffin da sababbin ba hanya ɗaya suke bi ba.

copy.copy kuma nasa salon daban. In kilas ɗin bai rubuta __copy__ ba, kwafin zai iya tashi yana raba lis guda da na asali, a ido kamar lafiya, sai ka ƙara makulli a kwafin ka ga na asali ya fara lissafa makullin da ba shi da shi. Saboda haka tes ɗin kwafi bai ƙare a kan sun yi daidai ba, sai ka taɓa kwafin sannan ka koma ka duba na asali. deepcopy ma haka, amma ka taɓa abin da ke can ciki, lis a cikin takarda a cikin takarda. In kuna da fanshin mai mai da shi dict na kullum irin to_dict, ka tabbata yana nutsawa har cikin lis, ba saman kawai yake juyawa ba.

Tes ɗin da na fi ba muhimmanci

In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak, wanda yake duba bayit zan ɗauka, domin kilas ɗin ba don kansa aka yi shi ba, an yi shi ne don abin da zai fita ta waya ya fita a jere. Yana yiwuwa kilas ɗin ya zama lafiya amma mai mai da shi BSON ya bi ta bayan gida ya karanta dict ɗin kai tsaye. Takarda mai fili biyu da hannu ma za ka iya lissafa ta, huɗu na tsawo, bakwai bakwai na filayen, ɗaya na rufewa, 19 ke nan (Jere a nan shi ne kilas ɗinku):

```
assert encode(Jere([("b", 2), ("a", 1)])) == (
    b"\x13\x00\x00\x00"
    b"\x10b\x00\x02\x00\x00\x00"
    b"\x10a\x00\x01\x00\x00\x00"
    b"\x00")
```

Na fi son wannan a kan a tura a dawo a kwatanta, domin in mai rufe shi zuwa BSON da mai buɗe shi duk suna da kuskure iri ɗaya, sai su rufa wa juna asiri tes ya wuce. Ka yi na tafiya da dawowar ma, amma bayan wannan. Abu biyu ka kula da su a nan. Na ɗaya _id, PyMongo yana ɗaga shi ya kai gaba a takardar waje ko a ina ka sa shi, sabar ma haka take ajiye shi, amma a takardar ciki ba a taɓa shi, to in direbanku ya kwaikwayi wannan ka ba shi tes nasa daban kar ya rikita maka sauran. Na biyu, in direban yana da hanya biyu, ta Python zalla da ta C don sauri kamar yadda PyMongo yake da su, dole tes ɗin ya bi ta kowacce. A wajen buɗewa kuma ka duba cewa takardun ciki ma da kilas ɗinku aka gina su, a PyMongo document_class na CodecOptions ne yake wannan aikin.

In ka gama waɗannan kana da sauran ƙarfi, ɗauko Hypothesis, wani laburaren tes na Python mai ƙirƙiro misalan gwaji da kansa. Yana da RuleBasedStateMachine, ka rubuta masa motsin da ake iya yi, sa, goge, update, pop, kwafi, shi kuma ya riƙa haɗa su yadda ya ga dama yana yi wa kilas ɗinku yana kuma yi wa wani ma'auni mai sauƙi, lis na makulli da ƙima ya isa, bayan kowane mataki a kira duba. Amfaninsa shi ne kurakuran waje biyun nan ba kasafai suke fitowa a motsi ɗaya ba, sai an goge an sake sawa an yi update sannan su bayyana, kuma in ya kama sai ya rage maka matakan zuwa mafi gajarta. Wanda ya kama ɗin ka kwafe shi ka mai da shi tes na dindindin.

Iyakar abin

Yunit tes zai tabbatar maka da abin da ya bar hannun direba ne kawai. Yadda sabar za ta yi da shi bayan nan, misali sake sunan fili yana iya sauya masa waje a takardar, wannan sai tes da MongoDB ta gaske a kunne, na jabu da ake sakawa a madadinta ba ya zama hujja a maganar jeri. Sauri ma ba aikinsa ba ne, lis ɗin gefe yana sa gogewa ta yi nauyi in makullai sun yi yawa tunda sai an bi su an nemo, amma wannan awo ake yi masa daban. Kuma duk bayanin nan a kan Python na gina shi, a Go map da gangan yake hargitsa jeri, a JavaScript kuma makullan da suka yi kama da lamba gaba suke tsallakowa, kowanne da irin tes ɗin da ya dace da shi.

Game da ko kilas ɗin yana da sauran amfani, ra'ayina shi ne in duk injinanku sun kai 3.7 ko sama, kuma ba inda kuke dogara da daidaito mai kallon jeri, za ku iya ajiye shi ku koma dict, kod ya ragu. Amma kar ka kai wa oga wannan shawarar yanzu. Fara rubuta tes ɗin, musamman na bayit da na daidaito, sannan ka sauya kilas ɗin da dict a reshe na gwaji, waɗanda suka yi ja su ne wuraren da ku biyun za ku zauna ku duba ko wani kod yana dogara da su.